Wa Yake Wanke Allon Goni?

Gidan Goni,
Gaya, Jihar Kano.

Zuwa ga ƙanena, Dakta Muhyiddeen Goni, a birnin Alƙahira.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina roƙon Ubangiji Ya sa takardar nan ta riske ku cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar rai, kai da Naja'atu da yaranku gaba ɗaya. Allah Ya yi wa aikinka albarka, Ya ba majinyatan da ke hannunka sauƙi, Ya tsare ku daga wahalar baƙunta, Ya kuma tsare kunnuwanku daga masu kai maganar da ba a aike su da ita ba. Allah Ya jiƙan mahaifinmu Baba Goni da mahaifiyarmu Ya Fanta da yayanmu Muhammad Bashir, Ya sa kabarinsu ya zama dausayin Aljanna, Ya kyautata namu zuwan.

Ni dai lafiyata ƙalau, alhamdu lillahi. Gwiwar hagun nan ce kawai take tuna mini shekaruna idan na daɗe a zaune, ita ma man da ka aiko yana lallashinta. Idanuna suna karanta ƙananan rubutu da tabarau, kunnuwana kuwa suna jin fiye da abin da mutane suke so in ji. Damina ta yi kyau a wajenmu bana. Gonar Kademi ta ba da gero da dawa gwargwado, gyaɗa kuma ta yi albarka har ana ta kwasarta zuwa kasuwar Ajingi. Solar da ka sa aka ɗora mini tana aiki, ba ta taɓa kunyata ni ba. Matan aure suna nan suna zuwa karatu a zaure bayan azahar kamar yadda ka bar su, har biyu daga cikinsu sun fara karanta littafi ba tare da wasali ba. Amarya, matar ɗan yayanmu Tukur, ita ma lafiya take da yaranta. Shi Tukur ɗin kuwa, saboda shi na zauna rubuta maka wannan doguwar takarda.

Na zaɓi rubutu maimakon kiran waya da gangan. Maganar waya tana wucewa, kowa ya riƙe abin da ya yi masa daɗi, sannan a ce tsohuwa ce ba ta faɗi haka ba. Abin da na buga da yatsuna kuwa yana nan, kana iya karanta shi sau nawa ka ga dama, ka auna da kanka ko mai rubutun hankalinta ya fara gushewa. Domin abin da ake faɗa a kaina ke nan. Tukur ya zo ya durƙusa a gabana, ya ce wai ya yi magana da kai, kuma wai kai Baffansa ka amince a ɗauke ni daga gidan nan a mai da ni gidansa na Ajingi, tunda na fara mantuwa kuma zama ni kaɗai ya zama haɗari. Har ya ce an share ɗaki an yi masa fenti. Gidan da aka haife ni, gidan da na dawo na riƙe tun rasuwar mijina, gidan da na koyar da matan unguwa fiye da yadda zan iya lissafawa, shi ne za a rufe da kwaɗo a ɗora ni a bayan mota kamar buhun gyaɗa. Ban sani ba ko ka faɗi haka ko ba ka faɗa ba. Amma kafin in tambaye ka, ya kamata ka ji yadda mantuwar tawa ta samo asali.

Ka tuna zuwan 'yarka Fiddausi da babbar sallah. Wata rana muna zaune ina gyara mata wani baiti, sai ta ce a jami'arsu an wajabta musu koyon Ibrananci, saboda shi da Larabci 'yan gida ɗaya ne. Na ce mata na sha jin haka, amma ban taɓa yarda da abin da ban gani da idona ba. Sai ta fara jero mini kalmomi: gida, rana, kare, aminci, kowacce ta faɗe ta da Larabci sannan ta faɗe ta da Ibrananci, na ji saiwar ɗaya ce, tufafin ne kawai suka bambanta. Ka san ni. Na yi rayuwata ina koyar da nahawu da sarfu a makarantar 'yan mata, ban kuma ga dalilin da zai sa 'yar ƙanena ta san ƙanwar Larabci ni ban san ta ba. Muka yi alkawari za ta riƙa turo mini darasi ta imel, ni kuma in riƙa mayar mata da amsa da harufan harshen, ba da boko ba, ba da ajami ba. Ta yi dariya ta ce Gwaggo ba za ta iya ba sai an saita mata kwamfuta. Na ce mata Gwaggo za ta saita abarta.

Ba a rasa masu ba ni shawarar in kai kwamfutar shagon masu gyara na bakin tasha ba. Na ƙi. Ban yarda in miƙa wa wani akwatin da ke ɗauke da rubuce-rubucena ya buɗe ya leƙa yadda ya so ba, sannan gobe labari ya cika gari cewa Malama Batula tana neman rubutun Yahudawa. Na haɗa kwamfutar da wayata, Fiddausi tana turo saƙon murya, ni kuma ina bi a hankali, ba na danna komai sai na karanta shi tukuna. Darasin farko da ta turo, da na buɗe shi, babu harafi ko ɗaya, sai 'yan akwatuna fanko a jere kamar an zare wa kalmomin rai. Na zaci an lalata saƙon a hanya. Ashe kwamfutar ce ba ta da zubin harufan, sai an sauke mata su. Na shiga wurin saiti, sashen harsuna, na nemo Ibrananci a cikin dogon jerin nan, na ce a ƙara shi. Nan take ta tambaye ni ko ina so ta mai da dukkan maganarta da ni zuwa harshen. Na gane tarkon, domin da na amsa, da na wayi gari ban san ƙofar fita ba a cikin kayana. Na cire alamar amincewa da wannan, na bar ta rubutu da ta madannai kawai. Saukewar ta yi ta yankewa saboda raunin sabis, ina sake farawa, har dai ta kammala.

Daga nan sai wata 'yar alama ta bayyana a ƙasan gilashin, kusa da agogo, mai nuna harshen da madannai suke kai. Idan na riƙe madanni mai hoton taga na taɓa dogon nan na ƙasa, sai ta juya daga boko zuwa Ibrananci, in sake taɓawa ta dawo. Rubutun yana tafiya daga dama zuwa hagu, wannan bai firgita ni ba, da shi aka yaye ni. Abin da ya ɓata mini rai shi ne aya, wadda duk sa'ad da na ɗiga ta a ƙarshen jimla sai ta yi tsalle ta koma farko, har sai da na gano cewa dole a juya alƙiblar layin gaba ɗaya zuwa dama kafin ta zauna inda aka ajiye ta. Matsala ɗaya ta rage. Madannan nawa harufan boko kaɗai aka rubuta a kansu. In danna wannan in ga alef, in danna wancan in ga wani abu dabam, babu tsari da zan kama. Ga shi biyar daga cikin harufan suna sake siffa a ƙarshen kalma, kuma kowace siffa da nata madanni, ba kamar Larabci ba da kwamfuta ke haɗa maka da kanta. Akwai hoton madannai da ake iya buɗewa a gilashi, amma ƙanana ne, kuma yana rufe mini rabin shafi.

Saboda haka na yi abin da kowace 'yar gidan malamai za ta yi. Na sauko da allon Baba Goni, babban nan na aduwa da ya ba ni ranar da na sauke, na dama tawada da gawayi da ƙaro, na fiƙe alƙalami. Na zana layi uku na gidaje-gidaje daidai da yadda madannan suke jere, a kowane gida na rubuta harafin Ibrananci babba, na boko ƙarami a kusurwa. Na jingina allon kusa da kwamfuta. Aiki ya tafi daidai, ina duba allo ina dannawa. Washegari bayan azahar na fita zaure wajen ɗalibaina, da na dawo bayan la'asar na tarar da allon a inda na bar shi, amma fes, babu ko ɗigo.

Na tsaya ina kallonsa. Mutum biyu ne kaɗai ke shiga ɗakin nan ban da ni. Akwai Hanne maƙwabciyata, wadda tun da mijinta ya rasu take shigowa ta yi mini shara da girki, muna kuma zaman mutunci da ita. Akwai kuma Tukur, wanda a da sai sallah zuwa sallah nake ganin ƙeyarsa, amma a 'yan makonnin nan ya zama kamar ɗan gida, ya zo da kankana, ya zo da ƙuli-ƙuli, ya zauna yana tambayar lafiyar gwiwata alhali idonsa yana kan kusurwar da kwamfuta take. Tun zuwansa na biyu na sa masa ido, domin ban taɓa sanin zumuncin da ke tsirowa rana ɗaya ba dalili ba. Amma ranar da allon ya fara gogewa yana Ajingi. Na sake zanawa. Washegari aka sake wankewa. Na sake, aka sake. Na zargi Hanne da tsabtar da ta wuce iyaka. Na zargi ɗalibaina, ko wata ta leƙo ta ga baƙin harufa ta ce bari ta cece ni daga halaka. Har kai na zarga, Muhyiddeen, na ce ko ka ji labari daga bakin Fiddausi ka aiko a hana ni ta bayan fage don kada in jawo wa gidan Goni surutu.

Kuskuren da na yi shi ne na yi ƙorafi a gaban Tukur. Na ce a gabansa da Hanne, wani yana wanke mini allo, kuma zan san ko wane ne. Hanne ta sunkuyar da kai ta fita tsakar gida. Shi kuwa ya ɗauki allon ya juya shi, ya ce a hankali, cikin muryar da ake yi wa majinyaci magana, wai ko dai Gwaggo ta yi niyyar rubutawa ne ba ta rubuta ba, domin irin wannan yana faruwa ga manya. Na ce masa tun kafin a haifi uwarsa nake rubutu a allon nan, kuma na san bambancin niyya da aiki. Ya ba ni haƙuri, ya tafi. Kafin mako ya zagayo, maganar ta je Ajingi ta dawo da ƙafafunta. Wata ɗaliba ta tambaye ni ko in na gaji a dakatar da karatu. Wani dattijo daga masallaci ya aiko a duba ni. Sai ga Tukur da batun ɗaki mai fenti da sunanka a bakinsa.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai yinin da na zauna a bakin gado na tambayi kaina ko gaskiyarsu ce. Ka san yadda Ya Fanta ta ƙare, tana neman mayafin da ke kanta. Amma ni ba a yanke mini hukunci da zato, ko da zaton nawa ne. Na zana allon, na ɗauki hotonsa da waya, na fita zaure. Na dawo, allo fari, hoto kuwa yana nan da gidajensa da harufansa. Na shafa allon na ji da sauran danshi. Na yi hamdala, na kuma ƙi nuna wa kowa hoton, domin na riga na wanke kaina a wurin kaina, saura in kama hannun da ke yi mini wannan aiki. A nan ne wani tunani ya zo mini wanda ya kamata ya zo tun farko. A garin nan ba a wanke allon malami a zubar da ruwan. Duk wanda yake wankewa, sha yake yi. Sai na aika aka sayo mini ɓawon maɗaci, na daka shi lukwi, na jiƙa, na dama tawadata da ruwansa mai kauri. Magani ne, ba ya cutar da kowa, amma wanda ya haɗiye shi ba zai iya ɓoye fuskarsa ba.

Na zuba wa Hanne ido. Ta ci tuwonta, ta yi hirarta, babu alamar komai. Ɗalibaina ma haka. Na fara tunanin dabarata ta faɗi. Sai aka yi suna a Gafasa, gidan dangin mijina, na je. Muna zaune cikin mata sai ga Amarya, baiwar Allah da ba ta iya riƙe magana, ta zo ta gaishe ni, ta ce ai Maigida bai samu zuwa ba, bakinsa ya lalace. Na tambaye ta me ya same shi. Ta ce wani rubutu ne ake aiko masa daga Gaya a 'yar gora, direban bas ke kawowa, yana shanyewa kafin ya fita kasuwa, to na wannan makon ɗaci ne da shi kamar me, har shayi ba ya jin daɗinsa, amma ya ƙi bari, ya ce wai ɗacin alama ce aikin ya fara kamawa. Ta ƙara da cewa ta so ta ɗanɗana wa yara ya hana, ya ce gado ne na maza. Na yi mata addu'a, na ce Allah Ya ba shi lafiya, na ci abincin suna da daɗin da na daɗe ban ji ba.

Hanne ba ta wahalar da ni ba. Da na zaunar da ita na ambaci gora da direba, sai ta fashe da kuka. Ta ce Tukur ne ya leƙa ɗakin ya ga allon ranar da na fara zana shi, ya fito ya gaya mata wannan shi ne hatimin Goni, zanen nan mai gidaje da malamai ke cikawa da harufa, wanda aka zo da shi daga Barno, mai buɗe kasuwa, wanda kakansa ya ɓoye wa 'ya'yansa maza ya ba mace. Ya ce haƙƙinsa ne, kuma Gwaggo taurin kai ne zai hana ta ba shi idan ya roƙa, don haka ya sa Hanne ta riƙa wanke allon tana aika masa ruwan. Na tambaye ta yadda ta iya kallona ana ce mini mai mantuwa ta yi shiru. Ta ce wallahi wannan ya dame ta, amma da farko ta ɗauka na sani, domin a ganinta ba wanda zai riƙa rubuta abu guda a allo kullum, da tawada da alƙalami, in ba don a sha ba. Na yafe mata, amma na karɓi makullin ɗakin.

Da Tukur ya zo da kankanarsa, na shigar da shi ɗaki na zaunar da shi a kujerar kwamfuta, abin da ban taɓa yi wa kowa ba sai Fiddausi. Na zana allon a gabansa tun daga gidan farko har na ƙarshe, yana kallo ko ƙiftawa ba ya yi. Sannan na juya madannai zuwa Ibrananci, na ce ya dubi gida na farko a allo, ya nemi madannin da ke daidai da shi, ya danna. Ya danna, harafin ya fito a gilashi. Na ce ya ci gaba. Ya bi layin nan ɗaya bayan ɗaya, kowane harafi da ke allo yana fitowa a gabansa, har yatsansa ya tsaya da kansa. Na gaya masa abin da yake sha makonnin nan taswirar madannai ce, ko kalma ɗaya babu a ciki balle addu'a, sannan na tambaye shi yaya ɗacin baki. Muhyiddeen, na ga mutum mai 'ya'ya da gemu ya koma yaro a gabana. Tambayarsa ta farko ita ce ko ya yi saɓo da ya sha rubutun Yahudawa. Na ce gawayi da ƙaro da maɗaci ya sha, saɓon da ya yi yana wani wuri dabam, shi ne ya ɗora wa ƙanwar ubansa ciwon da Allah bai ɗora mata ba, don ya rufe satarsa, sannan ya ga in aka kai ni gidansa allon ma ya zo hannunsa ba sai an biya ta tasha ba. Na kuma gaya masa gaskiyar da kai ma ka sani: Baba Goni bai bar hatimi ba. Ayoyi yake rubuta wa marasa lafiya, kuma ya ba ni allon ne saboda ni na zauna na gama karatu lokacin da wasu suke bin 'yan kasuwa.

Ya ba ni haƙuri har da hawaye, amma kada ka ɗauka na saki jiki. Yana cikin ba da haƙurin ya ce, ƙasa-ƙasa, wai amma fa tun da ya fara sha gyaɗarsa ba ta kwana a rumfa. Na ce bana gyaɗar kowa ba ta kwana. Na sa masa sharaɗi ɗaya don in rufa masa asiri a gari: ya kira ka a gabana ya janye abin da ya faɗa a kaina. Ya ciro waya ya danna ya kara a kunne, ya ce ba ta shiga, ya sake, ya ce sabis ne, zai kira ka daga Ajingi. Ni kuwa a ɗakin nan na sauke harshe guda cur ta wannan sabis ɗin. Kuma Hanne ta gaya mini, da zai fita ya tsaya a tsakar gida ya tambaye ta ko ana goge gilashin kwamfutar da jiƙaƙƙen tsumma, in ana yi kuma, ina ake matse ruwan.

Wannan ya kawo ni gare ka. Abu biyu ne, kuma ɗaya ne gaskiya. Ko dai Tukur ya ari bakinka ba da saninka ba, ko kuwa ya kira ka ya ce yayarka ta fara ruɗewa, kai kuma, likita guda, ka yanke hukunci daga Alƙahira ba tare da ka tambayi majinyaciyar ko da sunanta ba. Na lura kiranka ya ragu a 'yan kwanakin nan, kuma idan ka kira kana tambayata ko na ci abinci, ko na kashe risho, ko na san yau wace rana ce, cikin irin muryar da Tukur ya yi mini. Na amsa maka duka a lokacin don ban gane inda aka dosa ba. Yanzu na gane. Ina kuma so in san wanda ya ba da umarnin fentin ɗakin nan, domin Tukur ba ya yi wa ɗakin kansa fenti. Na haɗa maka da hoton allon a cikin wannan saƙo. Ka ba ni amsa a rubuce, ni za ka ba, ba ta hannun kowa ba. Idan ba ka sani ba, ka faɗa, zan yarda da kai, domin ban taɓa kama ka da ƙarya ba tun kana ƙarami ina goya ka. Idan kuwa ka sani, ka faɗa shi ma, zan yi fushi na ɗan lokaci in huce, amma ba zan jure a riƙa shirya rayuwata a bayan idona ba.

Ko wace ce amsar, ga matsayina, don kada a sake wahalar da mai fenti. Ina nan a gidan Goni. Ranar da na ga da kaina cewa hankalina ya fara yi mini gardama, ni zan fara gaya maka, kuma ni zan zaɓi inda za a kai ni. Kafin wannan rana, ɗakin Ajingi a zuba masa gyaɗa. Allon na wanke shi da hannuna, na zubar da ruwan a gindin dalbejiya a gaban Hanne don ta shaida, na naɗe shi na kulle a akwatin Ya Fanta. Ba na bukatarsa kuma. Saboda yawan wanke mini shi da aka yi, da yawan sake zanawa da na yi, na wayi gari yatsuna sun san gidan kowane harafi ba tare da na duba ba. Aikin da aka yi don a nuna ina mantuwa shi ne ya sa na haddace. Yanzu harufan suna wurin da Hanne ba ta da makullinsa, kuma ba direban da zai kai su Ajingi a gora.

Ka gai da Naja'atu, ka ce mata yajin daddawar da ta nema yana nan na daka, sai an samu mai tafiya wanda na amince da shi. Ka gai da Fiddausi, ka ce amsar darasinta na wannan mako tana biye da wannan takarda, kuma ta daina sauƙaƙa mini tambayoyi, na lura da hakan ma. Ka shafa mini kan Mudassir da Kulu, Allah Ya raya su cikin imani da ilimi. Hanne tana gaishe ku, cikin kunya. Matan zaure suna yi maka addu'a. Tukur ma na san zai so a ce yana gaisuwa, amma wannan sai ya faɗa maka da bakinsa idan ɗacin ya sake shi. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri, Ya bar zumunci a kan gaskiya.

Wassalam.

Ni ce yayarka, wadda take cikin hankalinta kuma a cikin gidanta,
Hajiya Batula Goni.